Shaho a Kan Sitiyari

Ina shanya a barandar gidanmu da ke Pantai Dalam, ido ɗaya a kan kaya ɗaya a kan hadari, Yaya ya kira ni daga Kano. Yaya ba ya kiran mutum don gaisuwa kawai. Shi ne babba a ɗakinmu, tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba, in ka ga kiransa to aiki ne ya taso. Ya tambayi maigidana da karatun digirinsa na uku, ya tambayi yara, sannan ya ce wani yaro ya fito neman auren 'yarsa ta fari, kuma a nan Kuala Lumpur yaron yake karatu.

"Ke ce idonmu a can," in ji shi. "Ki bincika mana shi."

Yarinyar nan a bayana ta girma. Ina budurwa aka kawo ta gidanmu yaye, ni na sha kukanta, ni na koya mata cin tuwo. Saboda haka ban ɗauki maganar da wasa ba. Sai dai binciken aure a gida abu ne mai sauƙi: a tura dattijo unguwarsu yaron, ya zauna da limamin masallaci, ya tsaya wurin mai shago, kafin la'asar an san kakan kakansa da irin abokan da yake zama da su. A nan fa? Wa zan tambaya? Maƙwabcinsa ɗan China ne, mai gadin gininsu ɗan Nepal, limamin kuwa duk baƙar fata ɗaya ce a wurinsa.

Da muka ajiye waya Yaya ya turo mini hoto. Yaro ne dogo, siriri, cikin farar shadda, ya jingina da wata baƙar jif tana sheƙi. Ban kalli fuskarsa sosai ba, hancin motar na kalla. Ba zan kama sunanta ba, ban ga dalilin yi wa kamfanin da bai san ina duniya ba talla kyauta, amma kowa ya san ta: motar Japan ɗin nan ta manya, mai harafi ɗaya a karkace cikin zobe. A Kano matan kwamishinoni ke hawanta zuwa biki, su faka a inda za ta tare wa kowa hanya.

Maigidana malamin jami'a ne, da furfurarsa, gwamnati ke ɗaukar nauyin karatunsa, amma bas muke bi da jirgin ƙasa, in ruwa ya tsuge mu raɓe a tasha da yara. Shi kuma wannan ɗalibin kwaleji mai zaman kanta, wanda ko digirin farko bai gama ba, yana yawo a jif? Na ce da walakin, goro a miya.

Kada a ce na cika zargi. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da wasu yaranmu ke yi. Su zo da sunan karatu, su ɓuge da damfarar mutane ta waya, wasu ma su shiga abin da ya fi haka muni, wanda hukuncinsa a ƙasar nan ba wasa ba ne. Mu da ba mu ci nanin ba, nanin ta ci mu. Lokacin da muke neman gida, sau da yawa mai gida zai amsa da fara'a a waya, yana ganin fuskarmu sai ya ce an riga an kama. Don haka in na ga yaro da motar da ta fi ƙarfinsa, ba sha'awa take ba ni ba, haushi take ba ni.

Na fara da mata. An yi suna a ginin da ke bayan namu, matan ɗalibai da na malamai duk an hallara, ana ta rabon waina. Na saki maganar yaron kamar ba da gangan ba. Wata ta ce ai yaron kirki ne, duk wanda zai koma gida shi ke kai shi filin jirgi, ko sisi ba ya karɓa. Na ce a raina, to me yake nema a filin jirgi haka kullum? Wata 'yar unguwarsu yaron ta can gida ta ce ta san gidansu, ubansa tsohon malamin firamare ne, ya yi ritaya. Nan wainar ta fita raina. Ɗan malamin firamare da jif. Biri fa ya yi kama da mutum.

Sai na ce bari in gani da idona. Na sa maigidan ya kira shi, ya ce gwaggon yarinya na son a kai ta titin kasuwa na Jalan Tuanku Abdul Rahman ta sari mayafai da yadi, waɗanda nake ɗan aikawa gida ana sayar mini. Yaron ya zo kafin lokacin da aka yi da shi. A filin ajiye motoci, gaban mutane, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni.

"Gwaggo, ina kwana. An tashi lafiya?"

Ko wannan bai kwanta mini ba. Na ce ladabin ya yi yawa, wanda ya san yana da abin ɓoyewa shi ke irin wannan rusunawa.

Na shiga baya na hakimce. Kujerun fata ne, sanyi na ratsa mutum, ga wani ƙamshin turare da ya yi ƙarfi kamar ana son a danne wani wari. Da muka hau titi na jefa masa tambaya a hankali.

"Wannan mota taka kuwa, masha Allah. Irin ta manya ce ko?"

Wayyo, ashe famfo na kunce. Yaron da tun ɗazu kansa ke ƙasa sai ga shi ya buɗe baki. Ya ce ai kamfanin da ke yin ta shi ne dai mai yin motocin da muke gani a tasha, na haya da na 'yan kasuwa, masu jure wahala. Ya ce can baya, tun ba a haife shi ba, suka lura attajiran Amurka ba za su taɓa sayen mota mai tsada da sunan da direban tasi ke hawa ba, komai kyanta. Sai suka ƙirƙiro sabon suna, suka buɗe shaguna daban, suka shafe shekaru suna ƙera wata babbar salun wadda in an tayar da injinta sai ka kasa kunne kafin ka san a kunne take. Ita ce uwar gidan, in ji shi, daga ita sauran suka biyo. Akwai matsakaiciya, wadda ƙashin bayanta ɗaya da motar iyali da kowa ya sani, an dai yi mata kwalliya ne. Akwai ƙarama mai gudu ta samari. Akwai babbar jif ta gwamnoni, wadda asalinta motar daji ce aka sa mata rigar sarauta. Sai irin tasa, ƙaramar jif, wadda ya ce ita ta koya wa duniya hawan jif a cikin gari, ba sai mutum na da gona ba. Daga baya kuma suka fito da masu haɗa fetur da batir.

Yana zuba ina gyaɗa kai, amma ba labarin nake auna ba, shi nake aunawa. Yaron da aka turo karatun kasuwanci, yaushe ya sami lokacin haddace zuriyar mota kamar mai karanta asalin sarakuna? Ya san wace shekara aka canza fitila, ya san wane inji ke shiga wace. Na ce wannan sanin ba na mai hawa ba ne, na wanda hannunsa ke cikin harkar ne.

Muna tsaye a danja na leƙa gaba, idona ya sauka a kan sitiyari. A tsakiyarsa, inda ake danna ham, babu harafin nan mai zobe. Wani tsuntsu ne a wurin, kamar shaho, ya buɗe fiffike. Na sake dubawa. Na tuna sarai abin da na gani a hancin motar da bayanta lokacin da zan shiga. Waje suna ɗaya, ciki wani daban.

A kasuwa ya bi ni shago shago yana riƙe mini ledoji, bai ƙosa ba, har da taya ni ciniki da Malayancinsa, yana "boleh kurang lah", wato a rage mana, yana dariya da masu shago. Wayarsa kuwa ba ta huta ba. Wani mutum yake ta magana da shi, rabi Turanci rabi Malayanci, na dai tsinci maganar kwantena da tashar jirgin ruwa. Da muka dawo mota na nufi but da kayana, sai ya yi wuf ya tare.

"A'a Gwaggo, a sa a kujera, but ɗin ba kyau."

To, me kuma ya rage?

Ina shiga gida na ce wa maigidan motar sata ce. An sato, an canza mata alama, an manta da sitiyari, kuma Allah kaɗai ya san abin da ke cikin but. Yana kan kwamfutarsa ko ɗagowa bai yi ba.

"Ke da aikin ɗan sanda kika shiga da ƙasarmu ta huta," ya ce. "Ɓarawon da zai canza alama ai mai tsada zai mayar mai araha don ta ɓace, ba ya mayar da mai araha mai tsada ba. Ki tambaye shi mana. Yana da baki."

Na ji haushin maganar, musamman da na ga akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ban sauka ba. 'Yata ce za a ɗauka a kai wa mutum. In ya zamana gobe an kama shi, wa za a ce ya yi bincike? Ni.

Ranar Juma'a bayan masallaci na sa aka gayyato shi cin abinci. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuka da 'yar daddawar da nake ta tattali tun zuwan wata baƙuwa daga gida. Ya ci kamar wanda ya shekara bai ga tuwo ba, har na ɗan ji tausayinsa, na kuma hana kaina. Sai da ya wanke hannu na kora yara ɗaki, na zauna a gabansa, maigidan na gefe.

"Yaro, ni ba na iya kwana-kwana. Motar nan ta wace ce? Me ya sa alamar waje daban, ta sitiyari daban? Kuma me kake ɓoyewa a but?"

Kunya ta rufe shi, har gumi ya tsatso masa a goshi. Na ce yau ramin ƙarya ya ƙure.

Da ya buɗe baki, sai ya koma kan tarihin nan nasa, amma wannan karon murya ƙasa ƙasa. Ya ce abin da bai faɗa mini a mota ba shi ne, shekaru da yawa wancan suna mai tsada ba a sayar da shi a cikin Japan kanta. Na 'yan waje ne. A gida, motocin nan da sunan kamfanin na asali ake sayar da su, kowace da nata laƙabin. Ƙaramar jif ɗin a can sunan wani tsuntsu aka ba ta, shi ne shahon da na gani. Jiki ɗaya, ƙira ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Irin waɗannan ne ake kwasowa daga Japan bayan an gama hawansu, a gyara, a sayar a nan. Tasa ma hannu ta uku ce ko ta huɗu, tsohon yayi ce, ta kusa kai shekarun ƙaninsa. Alamar waje kuwa a shagon kayan kwalliyar mota ake sayar da ita, mutanen garin da yawa suna liƙawa. Ta sitiyari ce ba ta ciruwa cikin sauƙi.

"To kuɗin sayenta fa? Ko tsohuwa ce ai ba da ganye ake saye ba."

Ya ce kawunsa na da shagon kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa, can Kano. Shi ke biya masa makaranta, shi ya saya masa motar don aiki. Aikin kuwa shi ne duk ranar da ba lacca ya tafi wuraren da ake yanka tsofaffin motocin Japan, ya duba inji da giya da fitilu, ya zaɓa wa kawun, a tara a cika kwantena.

Na ce, "Gani ya kori ji. Gobe ka kai ni."

Maigidan ya harare ni, na yi kamar ban gani ba.

Washegari da hantsi muka tafi mu uku, can wajen garin Klang. Wuri ne mai faɗi da rufin kwano, zafi kamar gidan burodi. Motoci ne an datse su gida biyu, an jera kawunansu a kan katakai, bene bene, fitilunsu na kallon mutum. Kedai potong suke ce wa wurin, wato shagon yanka. Yaron ya buɗe but ɗin nan da na kwana ina saƙe-saƙe a kansa. Rigar aiki ce baƙa ƙirin da man inji, da takalmin roba, da akwatin sifanu, da wasu fitilu a naɗe cikin tsumma. Warin da turaren ke dannewa ke nan. Ya zura rigar a kan kayansa. Mai wurin, wani dattijo ɗan China da tawul a wuya, ya taho yana masa tsiya cewa yau ya zo da iyayensa a duba ko yana aiki. Yaron ya ja ni ya nuna mini kawuna biyu a jere, ɗaya da shaho, ɗaya da harafi mai zobe. Na duba gaba na duba gefe, ban ga bambancin da ya wuce na alamar ba.

A hanyar dawowa na ce sai na ga inda yake kwana. Ya kai mu unguwar Wangsa Maju, wani tsohon bene da lif ɗinsa ke tafiya yana nishi. Su da yawa ne a gidan, katifu a ƙasa, tukunyar dafa shinkafa a lungu, robobin abincin da suka yi tapau, wato suka sayo a ƙunshe, daga mamak, gidan abincin Indiyawa, a tare a bakin ƙofa. A gefen katifarsa akwai darduma da littattafai. Abokan zamansa suka yi ta rige-rigen ɓoye wanki.

Duk da haka ban bar shi ya tafi salin alin ba. A bakin mota na ce masa, "Sana'arka ta halal ce, Allah ya yi albarka. To me ya kai ka liƙa abin da ba naka ba? Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya."

Ya sunkuyar da kai. Kamar zai ce wani abu, sai ya fasa.

"Haka ne, Gwaggo. Na gode."

Na ɗauka ƙuruciya ce da son a sani, irin ta samari, kuma na yafe masa a raina tun kafin mu iso gida. Gaskiya ma yaron ya shiga raina. Rabon da in ji daɗi irin na ranar har na manta.

Ban ko cire mayafi ba na kira Yaya. Na ce albishirinka. Na kwashe komai na faɗa masa, tun daga sitiyari har katifa. Na ce yaron nan ba ɗan damfara ba ne, ba ya taɓa haram, da guminsa yake ci, hannunsa duk kanta. Motar ma da ta tayar mana da hankali tsohuwa ce, alama kawai ya manna mata. Ina magana ina dariya.

Yaya bai yi dariya ba.

"Wato motar ba ita ba ce," ya ce.

"Ba ita ba ce, Yaya, alhamdu lillahi."

"Kuma ta kawunsa ce ma, ba tasa ba."

"Ta aiki ce."

"Ɗakin kuma haya suke haɗawa."

"Ɗalibi ne ai."

"To. Madalla. Sannu da ƙoƙari. Za mu yi shawara."

Na ajiye waya jikina ba daɗi, amma na ce halin Yaya ne, ba ya nuna murna. Ba a daɗe ba matarsa ta shaida mini an aika wa iyayen yaron cewa su yi haƙuri, yarinya za ta ƙaro karatu tukuna. Duk Bahaushe ya san ma'anar wannan saƙo.

Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar, da na kira shi a kan maganar. Ya ce shi ba zai ba maƙaryaci 'yarsa ba, wanda ya liƙa alamar ƙarya a mota zai liƙa a komai. Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Lokacin da ka ɗauka ta gaske ce, ɗan malamin firamare da jif, ka taɓa tambayar inda ya samo? Ni kaɗai na hana kaina barci a kan wannan." Ya ce shi abin da ya sa ni in duba shi ne ko yaron zai iya riƙe ta, kuma na duba, na ba shi amsa. Ya kashe wayarsa. Na zauna a bakin gado ina huci, takaici ya ishe ni.

Yarinyar ba ta neme ni ba sai bayan kwanaki. Da kiranta ya shigo na ɗauka da sauri, na fara ba ta haƙuri, ina cewa ni alheri na nufa, kuma laifin yaron ne da ya je ya manna abin da ya ba ubanta hujja.

"Gwaggo," ta ce, muryarta a dashe, "ba laifinsa ba ne. Tun ranar da ya fara yi mini magana ya faɗa mini tsohuwa ce, ta kawunsa ce, har hoton wurin yankan ya turo mini. Motar ma da shahonta ya same ta."

"To wa ya sa shi canzawa?"

"Ni. Bai so ba, sai da na yi fushi da shi. Na ce ya liƙa, ya ɗauki hoto, ya bar ta haka har a ɗaura, in ya so ya ɓamɓare washegari." Ta ja numfashi. "Ni na san Baba, Gwaggo. Na ɗauka ke ma kin san shi."

Ta ce ana kiranta a tsakar gida, ta gaishe da yara, ta ajiye.